Kifaye Shida a Ɗakin Amarya

Duk wanda ya ce uwa ba ta taɓa hauka, bai ga uwar amarya ana gab da biki ba. Mu da muka aurar mun san ciwon. Ki kwanta da tunanin kwano, ki tashi da tunanin labule, a gaishe ki ki amsa da "katifa". To, Wasila ta unguwar Zango nata ciwon ya fi na kowa, don ita tun asali mai fargaba ce. Tukunya ma in ta yi shiru a kan murhu sai ta buɗe ta ga ko lafiya. Sai dai ba a gane ta a waje. Yadda cikinta ya kai ga kaɗawa, haka bakinta yake kai wa ga girma.

'Yarta Zahra'u za ta auri Mahamud, wani ɗan unguwar Birni mai hankali, kuma suna son juna, wannan ba magana. Maganar ita ce gwaggon ango, Ya Gana. Ita ke jagorantar mata zuwa ganin ɗaki a kowane bikin danginsu, kuma abin da ta faɗa a kan ɗakin amarya shi ke bin yarinya har ta yi jika. Akwai wadda ta leƙa ɗakinta ta ce, "Ikon Allah, kamar an yi gobara an tsira da saura." Har yau Amaryar Gobara ake kiran baiwar Allah, ga ta da 'ya'ya a makaranta.

Kayan ɗakin Zahra'u kuwa ba yabo ba fallasa, amma sun ɗan fi karkata wajen fallasa. Mijin Wasila, Alkasum, baduku ne, abin da jaka da takalmi suka kawo shi aka yi. Gado akwai, katifa akwai, bitirin na gilashi akwai. Kwanukan da za su cika bitirin ɗin ne ba su kai ba. An jera sama, an lallaɓa tsakiya, layin ƙasa wayam.

Ran nan Wasila ta shiga kasuwar Dole neman labule, sai ta yi kiciɓis da shagon Kabiru, wani Bakano mai sayar da furannin roba da agogon bango. A bakin shagon ga akwatin gilashi cike da ruwa, tsakuwa a ƙasa, wani ɗan inji yana hura kumfa. Kifaye shida na yawo a ciki: huɗu jajaye kamar an tsoma su a manja, ɗaya fari mai jela kamar mayafi, ɗaya baƙi mai ƙwala-ƙwalan idanu kamar an kama shi yana sata.

Wasila ta ƙame. Zuciyarta ta ce, in aka ɗora wannan a tsakiyar ɗaki, wace Gana ce za ta sunkuya ta duba layin ƙasa?

Aka daidaita. Kabiru yana ɗaure kifayen a leda, yana juye ruwansu a bido, wato jarka, don ta tafi da shi, ya ce, "Hajiya, ki tsaya ki ji. Ranar da za ki canza musu ruwa, kada ki zuba na robine, wato ruwan famfo, haka nan. Masu ruwa sun canza magani. Na da, jabel ne, irin na wankin farin kaya, in kika bar shi ya kwana a buɗe sai ya fice. Wannan sabon ba ya fita, ko wata ya yi a randa yana nan. Mutum ya sha lafiya lau, amma kifi da ruwan yake numfashi, sai ya ƙona masa nan gefen kai. Ga wannan 'yar kwalbar, ki ɗiga kafin..."

"Yaro, ni za ka gaya wa kifi?" Wasila ta gyara mayafi. "A bakin tafkin Gidimuni aka yanke mini cibiya. Kakana in ya yi tari, tarwaɗa fitowa take ta gaishe shi."

"Hajiya, waɗannan ba tarwaɗa ba ne."

"Na san halinku, mutanen Kano. Ku sayar wa mutum akuya, ku ce sai da igiyarku take tafiya. Riƙe kwalbarka."

Gaskiya ne a Gidimuni aka haife ta. Abin da ba ta faɗa shi ne a goye ta baro garin, kuma duk kifin da ta sani a duniya soyayye ne, da yaji a gefe.

Da aka sauke akwatin a tsakar gida, Alkasum ya ɗago daga ɗinkin da yake yi, ya daɗe yana kallo.

"Wannan na miya ne?"

"Na kallo ne, Malam."

"To. Mu da ba mu ƙoshi da na miya ba, har mun kai ga na kallo. Allah ya ƙara arziki."

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Mata suka yi ta shigowa, Wasila na tsaye gefen akwati kamar malamar lakwal a gaban ɗalibai. Ta gaya musu farin mace ce, don ta fi yanga. Ta ce baƙin ne mai gidan, dubi yadda ba ya fara'a. Ta ce kifi yana gane mai shi da takun ƙafa. Maƙwabciyarta Kulu mai waina, wadda suka yi shekaru suna aron gishiri da musayar baƙar magana, ta ce, "To ki taka mu gani." Wasila ta taka. Kifayen suka watse zuwa bayan tsakuwa.

"Kunya ce," in ji Wasila. "Sun ga baƙi."

Abincin da Kabiru ya haɗo ta da shi wani ɗan gari ne, wai tsunkule ɗaya a wuni. Wasila ta ce wannan rowa ce, ba a taɓa raino da tsunkule ba. Wace uwa ce za ta ga baki yana motsi ta wuce? Ta marmasa musu ƙuli-ƙuli. Ta ga farin kamar ya rame, ta ƙara da ɓawon tuwo. Kulu ta kawo waina don zolaya, ita ma aka gutsura aka jefa. Ba a jima ba ruwan ya koma kamar kunun kanwa, sai ka kara ido da gilashi kafin ka hangi jela ta gifta.

Biki ya matso, ga robine ya yi kwanaki ko ɗis. Wasila ta rasa sukuni. Tana cikin wannan hali aka ji ihu daga bakin layi: "Ruwa ya zo!" Unguwa ta hargitse, kowa da bido da bokiti da tukunya, har da mai fitowa da butar alwala. Wasila ta ture na turewa, ta cika sabon baho na kayan amarya, ta ajiye shi a rana a buɗe, ta sa masa ido kamar mai gadin jariri. Ya wuni, ya kwana. Da safe ta tara mata shaida, ta sunkuya ta shinshina.

"Kun ji? Ko ɗan warin jabel babu. Haka ake yi. Ilimi ne, ba a kasuwa ake sayen shi ba."

Kulu ta ce, "Ni fa na ji a rediyo sun ce sabon maganin da ma ba shi da wari sosai. Har suka ce masu kiwon kifi su yi hankali."

"Kulu, ke kin sha ruwan nan jiya?"

"Na sha."

"Kin mutu?"

"Ban mutu ba."

"To ke da aka haifa a kan tabarma kin sha kin tashi, sai kifin da aka haifa a cikin ruwa ne ruwa zai kashe? Ki riƙa tunani mana."

Mata suka ce gaskiya ne, wannan magana ta yi ma'ana. Wasila ta kwashe kifayen a kwano, ta zubar da tsohon ruwan kaf, ta dirje akwatin da toka da soso har yana ƙara, don ba a kai wa amarya abu da dauɗa. Ta wanke tsakuwar ɗaya bayan ɗaya kamar shinkafar baƙi. Ta juye ruwan baho, ta saki kifayen. Akwatin ya yi tas, kamar ba ruwa a ciki.

Ba a daɗe ba duk shidan suka taso sama, suka jera baki a fuskar ruwa suna buɗewa suna rufewa.

"Kun gani? Godiya suke yi."

"Wannan godiyar ta yi kama da haki," in ji Kulu.

Kafin hantsi ya dubi ludayi, ja ɗaya ya kwanta a gefe, ya juya ciki sama. Kafin Wasila ta yi tunani, bakinta ya riga ta. "Barci yake. A Gidimuni haka suke yi in sun ji daɗi, rigingine."

Da mata suka watse ta rufe ƙofa, ta shiga aikin da ta iya. Yara biyar ta raina, ba wanda ciwo ya kayar a hannunta. Ta dama ruwan gishiri da sukari irin na mai gudawa, ta zuba. Ta fasa rabin ƙwayar zazzaɓi ta barbaɗa. Ta ɗauko mafici tana yi musu fifita ta saman ruwa, tana cewa, "Sannu, sannu, ku yi haƙuri, jibi ne kawai." Ja na biyu ya juya. Ta ce wataƙila ruwan ne ya kwana ya gaji, ta ruga ta taro sabo fil daga bakin robine ta ƙara musu. Na uku da na huɗu suka juya tare, kamar sun yi shawara.

"Malam! Hau kabu-kabu ka je wurin yaron nan Bakano, ka ce ya ba da kwalbar!"

"Wace kwalba? Igiyar akuya?"

"Malam, ba lokacin wasa ba ne!"

Alkasum ya je ya dawo. Shago a rufe, Kabiru ya tafi Kano sarin kaya. Ya tarar farin ya bi sahu, baƙin kuma ya yi juyi ɗaya na bankwana ya miƙe, idanunsa a kan Wasila.

Ta zauna daɓas a ƙasa. Duk unguwa ta san ɗakin Zahra'u da kifi za a jera shi. Labari ya riga ya kai Birni, an ce Ya Gana har ta ce a gyara mata tabarau. Yanzu a kai akwati wayam a ajiye kusa da bitirin wayam? Wasila ta ji sunan da za a laƙa wa 'yarta yana ƙara a kunnenta, ko da ba ta san kowane ba ne.

"A ba mage, a huta," in ji Alkasum.

Idon Wasila na kan ɗan injin da ke hura kumfa, yadda kumfar ke kaɗa matattun kifayen suna lilo. Ta tashi tsam, ta kwashe su, ta kai wa Kulu ajiya a cikin kular ƙanƙara, ta rantsar da ita. Ta dawo ta buɗe gwangwanin ɗinkinta ta zaro allura da zaren nan mai kama da ruwa, wanda ake jera duwatsun wuya da shi.

Alkasum ya ajiye basilla. "Tun ina yaro nake ɗinkin fata. Na ɗinka ta akuya, na ɗinka ta raƙumi, na ɗinka ta kada. Ban taɓa jin an ɗinka kifi ba."

"Shi ya sa har yanzu kake da rumfa ɗaya."

Saura matsala guda. Uwar amarya ba ta taka ɗakin 'yarta ranar da dangin ango ke zuwa, abin kunya ne da ba a ko faɗa. Amma wa za ta ba wannan aiki? Ranar ganin ɗaki da sassafe ta ari zumbulelen hijabin Kulu, ta ɗaura niƙabi, ta bi 'yan jere zuwa gidan amarya a unguwar Kara-Kara. Suna can tsakar gida suna fama da tukwane, ta shige ɗaki. Ta soka allura ta ƙasan cikin kowane kifi, ta zagaya zaren a jikin tsakuwa, yadda zai riƙe shi a tsakiyar ruwa, baya sama, ciki ƙasa. Zaren bai da yawa, don haka ba ta yanke ba, ta bi su da shi ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle a ƙarshe. Ta kunna inji. Kumfa ta taso, jela ta kaɗa, kifaye suka shiga rangaji.

Wallahi in ba an gaya maka ba, sai ka rantse suna da rai.

Ta cika kasko biyu da turaren wuta har ɗakin ya yi duhu, ta rakuɓe a lungu tsakanin akwati da bitirin, ta baza hijabi ya rufe layin ƙasa.

Bayan azahar dangin ango suka iso da guɗa. Zahra'u na tsakiyar gado a lulluɓe, ba ta san komai ba. Ya Gana ce a gaba, doguwa, ƙamshin humra na riga ta shiga, tabarau a karan hanci. Ta yi tari saboda hayaƙi, ta kaɗa hannu, idonta ya sauka a kan akwati.

"A'a! Ashe da gaske ne. Kifi a ɗaki! Ku zo ku ga ikon Allah."

Mata suka yi caa a kan gilashi. Ya Gana ta ce, "Kuma ga natsuwa. Kowa ya tsaya a wurinsa, ba mai shiga gonar wani. Ko 'ya'yan mutane ba su kai su tarbiyya ba."

A nan ne ya kamata Wasila ta yi shiru. Amma yabo ne, kuma daga bakin Gana. Ta maƙale murya ta ce daga cikin niƙabi, "Horo ne. Uwar amarya ce ta hore su da hannunta. 'Yar Gidimuni ce, gadon gidansu ne."

Ya Gana ta waiwaya. "Wace ce wannan?"

Kulu ta yi wuf. "Baƙuwa ce daga Takieta. Mura take yi."

"Allah ya sauwaƙe." Ya Gana ta koma ga gilashi, ta ƙwanƙwasa da zobe. "Wannan baƙin tun da na shigo ni yake kallo. Ko ƙiftawa bai yi ba."

"Kifi ba ya ƙifta ido," in ji baƙuwar Takieta. "Kuma ya san manya."

Sai aka ɗauke kuran, wuta ta tafi.

Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Injin kumfa ya yi shiru. Kifaye shida suka ƙame a tsakiyar ruwa, kowanne ya ɗan karkace, kamar hoton da aka rataya a gurguje.

Ya Gana ta sauke tabarau, ta mayar. "Su ma da kuran suke aiki?"

Zafi ya taso, ɗaki cike da mata, turaren ya fara ja da baya, wani abu daban ya fara matsowa gaba. Wata ta toshe hanci da gefen mayafi ta dubi ta kusa da ita. Ana haka farin, wanda cikinsa ya kumbura tun safe, ya fizge tsakuwarsa ya taso a hankali, ya juya ciki sama, ya tsaya a fuskar ruwa. Wani siririn abu na binsa yana walƙiya.

Ya Gana ta naɗe hannun riga, ta tsoma yatsu biyu ta kamo zaren.

"Kar ki ja! Ƙulli ɗaya ne!"

Wasila ce ta zabura, da muryarta ta gado, wadda duk Zango ta sani. Ta taka gefen hijabi, niƙabi ya zame ya koma haɓa. Ya Gana kuwa ta riga ta ja. Kifaye suka fito a jere, fari, ja, ja, ja, ja, baƙi a ƙarshe da tsakuwarsa tana reto, kamar jigida.

Daga ƙarƙashin lulluɓi aka ji amarya ta ce, "Inna?"

Guɗar da aka shigo da ita ba ta kai rabin ihun da ya tashi ba. Wata ta faɗa kan katifa, wata ta fita tsakar gida tana kiran 'yan tukwane su zo su gani. Zakiyya, yayar ango, tana share hawaye ta ce, "Inna, ba dai ruwan robine kika zuba musu ba? Ai tun da aka canza magani sai an ɗiga wani abu. A wurin aikin maigidana ma haka nasu suka ƙare."

"Na kwanar da shi!" in ji Wasila. "A rana! A sabon baho!"

"Wannan ko shekara ya kwana yana nan."

Ya Gana na riƙe da jeren kifi a sama, ruwa na ɗiga a kan sabuwar darduma. Ta dubi Wasila daga sama har ƙasa. "Ke ce 'yar Gidimunin?"

"A goye ta baro garin," in ji Kulu.

Nan Ya Gana ta fashe. Matar da aka ce ko a bikin ɗanta ba a ga haƙorinta ba, ta yi dariya har tabarau ya faɗi, har sai da aka zaunar da ita a bakin gado ana yi mata fifita. Aka miƙo mata ruwa a kofi, ta karɓa, ta leƙa ciki, ta ce, "Ya kwana?" Aka sake rushewa. Lulluɓin amarya ma sai girgiza yake, ba a san kuka ba ne ko dariya, sai da aka ji ta shaƙe tana cewa, "Wayyo Inna, cikina."

Wasila ta bi ta ƙofar baya, hijabi a hannu. Ya Gana kuwa ta ce a naɗe mata kifayen a leda, da zarensu da tsakuwarsu, don in ta faɗa da baki a Birni ba mai yarda.

Washegari Wasila na kwance a ɗaka ta ɗaure kai da ɗankwali, ta ce ko wa ya zo a ce ba ta nan. Sai ga Kulu ta shigo ba sallama, da wani busasshen kifi a hannu.

"Tashi, Telar Kifi. Matar mai unguwa ta aiko, wai a rage masa tsawo."

"Kulu, ki ji tsoron Allah." Ta juya wa bango fuska. Can ta ce a hankali, "Ita fa? Me Gana ta sa mata?"

"Wa?"

"Zahra'u mana. Wane suna?"

"Ba suna. An tambayi Gana a Birni yaya ɗakin amarya, ta ce, wa ya ga ɗaki? Ku dai zauna ku ji labarin uwar. Ko bitirin ɗin ba ta kalla ba. Ta ce kuma yarinyar da uwarta za ta ɗinke kifi saboda ita, ba a taɓa ta a gidansu."

Wasila ta tashi zaune, ta kwance ɗankwalin, ta sake ɗaura shi a karkace yadda take yi in za ta fita unguwa. Ta dubi Kulu, ta dubi Alkasum da ya leƙo daga bakin ƙofa.

"To," ta ce, "da ku a tunaninku kuskure na yi?"